Daga Duwatsun Lissafi zuwa Fadamar Kabi: Tarihin Zana Shimfiɗar Ƙasa da Kwamfuta

Zana shimfiɗar ƙasa da kwamfuta, wato sa na'ura ta fitar da hoton duwatsu da koguna da gajimare da itatuwa ba tare da an ɗauki hoton wani wuri da kyamara ba, fasaha ce da aka haifa a ɗakunan binciken manyan kamfanoni a Amurka, amma ta girma ne a hannun masu sha'awa, mutanen da babu wanda ya ɗauke su wannan aiki, suke yin sa da dare bayan sun tashi daga sana'o'insu, suna nuna wa juna abin da suka fitar, suna kuma gyara wa juna kurakurai. Tarihinta ya faro ne daga tsakiyar shekarun 1970, kuma ya shafi mazaunin Gesse a Birnin Kebbi ko na Argungu ta fuska biyu, domin kayan aikin da a da sai mai hali yake iya taɓa su yau kyauta ake samun su, sannan irin ƙasar da ke kewaye da shi, ta fadama da tudu da hazo, tana cikin waɗanda wannan fasaha ta fi jinkirin koyon zanawa.

Mafarin al'amarin lissafi ne. Benoit Mandelbrot, masanin lissafi haifaffen ƙasar Poland wanda ya yi karatu a Faransa ya kuma yi aiki a cibiyar binciken kamfanin IBM, ya wallafa wata maƙala a 1967 kan auna tsawon gaɓar tekun Birtaniya, inda ya nuna cewa tsawon yana ƙaruwa duk lokacin da aka rage girman ma'aunin, saboda kowace lanƙwasa a gaɓar tana ɗauke da wasu ƙananan lanƙwashe-lanƙwashe a cikinta. A 1975 ya raɗa wa irin waɗannan siffofi suna firaktal, wato siffar da ƙaramin ɓangarenta yake kama da ita kanta gaba ɗaya, kuma abokin aikinsa Richard Voss ya yi amfani da wannan lissafi ya fitar da hotunan duwatsu da tsibirai waɗanda babu su a ko'ina a doron ƙasa. Wanda ya mayar da tunanin hanyar aiki mai sauri shi ne Loren Carpenter, ma'aikacin kamfanin ƙera jiragen sama na Boeing, wanda yake neman duwatsun da zai sa a bayan hotunan jirage. Dabararsa ita ce a ɗauki siffa mai kusurwa uku, a nemo tsakiyar kowane gefenta, a ɗaga wannan tsakiya ko a sauke ta da wani adadi da na'ura za ta zaɓa ta hanyar ƙuri'a, a haɗa tsakiyoyin a sami ƙananan siffofi huɗu, sannan a maimaita haka a kan kowace ɗaya har shimfiɗar ta yi gargada irin ta dutse. A 1980 ya nuna wani fim na minti biyu mai suna Vol Libre a taron SIGGRAPH, babban taron shekara-shekara na masana zanen kwamfuta, nan take kamfanin Lucasfilm ya ɗauke shi aiki, kuma da wannan dabara aka zana wata duniya tana tsirowa a fim ɗin Star Trek II na 1982.

Abubuwa biyu suka cike wannan tushe. Ken Perlin, wanda ya yi aiki a fim ɗin Tron na 1982, ya ƙirƙiro wata hanyar lissafi da take samar da hawa da sauka masu laushi waɗanda ido ba ya gane maimaici a cikinsu, ya wallafa ta a 1985, kuma har yau da ita da 'ya'yanta ake yin yawancin gajimare da yashi da igiyar ruwa na kwamfuta. Na biyun ya shafi haske, domin siffar dutse ba ta zama hoto sai an san yadda haske yake faɗa mata. Turner Whitted na cibiyar Bell Labs ya bayyana a 1980 hanyar bin sawun haske, inda na'ura take harba layi daga idon mai kallo ta kowane ɗigo na hoton, ta bi shi har ya ci karo da wani abu, ta duba ko rana tana kaiwa wurin ko yana cikin inuwa, ta kuma bi layin gaba idan abin madubi ne ko ruwa ko gilashi. Hoto ɗaya na gwajinsa ya ci fiye da awa guda a kan wata babbar kwamfuta ta zamanin.

Duk wannan yana hannun kamfanoni da jami'o'i ne har sai da kwamfutocin gida masu launi suka bayyana, musamman Amiga da kamfanin Commodore ya fitar a 1985. A ƙarshen shekarun 1980 wani mai rubuta manhaja a Kanada, David Buck, ya rubuta wa Amigarsa manhajar bin sawun haske mai suna DKBTrace, wani kuma, Aaron Collins, ya daidaita ta domin ta yi aiki a kan sauran kwamfutoci, sannan a Yulin 1991 Buck ya miƙa aikin ga wata ƙungiyar 'yan sa-kai da suke haɗuwa ta layin waya a kan hanyar sadarwar CompuServe, suka ci gaba da shi da sunan POV-Ray. Abin da ya bambanta wannan manhaja, wanda kuma ya tsara ɗabi'ar masu sha'awar har zuwa yau, shi ne cewa ba a zana komai da hannu a cikinta. Mutum rubutu yake yi, yana faɗa wa na'ura a ina kyamara take, a ina rana take, wane abu ne yake wane wuri kuma wane launi da laushi gare shi, sa'annan ya bar ta ta kwana tana lissafi, hoton yana saukowa layi bayan layi. Tun da rubutu ba shi da nauyi, ana iya tura shi ta layin waya mai jinkiri cikin 'yan daƙiƙoƙi, alhali hoton kansa yakan ɗauki dogon lokaci, saboda haka sai al'ada ta zama mutum ya raba hotonsa tare da rubutun da ya haife shi. Wanda ya ga gajimaren da ya burge shi ba sai ya yi zato ba, zai karanta yadda aka yi shi, ya canja adadi ɗaya ko biyu, ya mayar wa mai shi da gyararre. Ta haka ciyawar da wani ya ƙirƙira a Faransa take bayyana a hoton wani a Ostareliya, kuma dabarar da mutum ɗaya ya sha wahala kafin ya gano takan zama ta kowa cikin mako guda. Ga masu son duwatsu kuwa, akwai taswirar tsayi, wato hoto baƙi da fari wanda haskensa yake nufin tudu duhunsa kuma kwari, wanda da yawa suke samar da shi da manhajar Fractint, ita ma aikin 'yan sa-kai tun 1988, su ba POV-Ray ta tayar da shi ya zama ƙasa.

A 1996 aka fara wata gasa ta duniya ta hotunan bin sawun haske, wadda aka fi sani da IRTC, inda a lokacin ake ba da maudu'i duk bayan wata biyu, kowa ya turo hotonsa da bayanin yadda ya yi shi, masu shiga gasar kuma su ne suke ba juna maki a kan kyawun hoto da ƙwarewar aiki da kuma sabuntar tunani. Muhimmancin gasar ba a kyautarta yake ba, yana cikin sukar da ta koyar. Kurakuran da ake nuna wa sabon shiga kusan iri ɗaya ne a kowane zamani: dutsen da ba a san girmansa ba domin babu itace ko mutum ko gida da ido zai auna shi da shi, itatuwa ɗari masu kama ɗaya suna fuskantar gefe ɗaya, ruwa mai santsi fiye da kima, inuwa baƙa ƙirin wadda hasken sama bai taɓa ta ba, da kuma nesa da take fitowa tar kamar kusa, alhali a zahiri iska tana dusashe launin duk abin da ya yi nisa. Wanda ya koyi waɗannan ya koyi kallon duniya ne kafin ya koyi manhaja. Har sararin samaniya wannan sha'awa ta kai, domin a 2002 attajirin Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth, a zamansa a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, ya fitar da wani hoto da POV-Ray wanda wasu gwanaye biyu daga cikin masu sha'awar suka shirya masa rubutunsa.

Kafaɗa da kafaɗa da wannan sai aka sami manhajojin da aka keɓe domin shimfiɗar ƙasa kawai. Vistapro, wadda ta fara a kan Amiga, tana karɓar awon tsayin ƙasa na gaskiya daga hukumar safiyon Amurka, kuma da ita marubuci Arthur C. Clarke ya yi hotunan littafinsa na 1994 kan yadda duniyar Mars za ta kasance idan aka raya ta. A 1994 Bryce ta fito, wadda Eric Wenger da Kai Krause suka yi, aka sa mata sunan wani kwazazzabo a jihar Utah, sannan a ƙarshen shekarun 1990 Matt Fairclough a Ingila ya saki Terragen kyauta ga duk wanda ba kasuwanci zai yi da ita ba. Waɗannan sun buɗe ƙofa ga dubban mutanen da ba su iya rubuta manhaja ba, amma sauƙin ya zo da nasa aibin, domin hoto guda ne ya cika ko'ina ta fuskoki daban-daban: dogon dutse mai dusar ƙanƙara a ka, tafki a gindinsa, rana tana faɗuwa a bayansa. Masu manhajojin sun zuba musu ƙasar da suka sani, lissafin firaktal kuma dama ya fi iya dutse mai tsini a kan komai.

A nan ne kwarin Rima yake shigowa cikin zancen, domin yana fito da babban raunin wannan lissafi a fili. Ƙasar da aka yi da ƙuri'a zalla tana fitowa ne kamar takardar da aka cukuikuye aka warware, cike da ramuka marasa mafita, ta yadda da za a zuba mata ruwan sama, babu kogin da zai gudana daga tudu har ƙasa. Ken Musgrave, wanda ya yi aiki da Mandelbrot a jami'ar Yale, shi da abokan aikinsa biyu sun fuskanci matsalar a wata maƙala ta 1989, inda suka sa na'ura ta kwaikwayi zaizayar ƙasa, wato a zuba ruwa a kan taswirar tsayi, a bar shi ya kwashi ƙasa daga sama ya ajiye ta inda gudunsa ya ragu, a maimaita sau da yawa har kwaruruka su fito. Wannan ya gyara gangaren duwatsu ƙwarai, amma bai kai ga fadama ba, domin fadama ba wurin da ruwa yake yanka ƙasa ba ce, wurin da yake ajiye ta ne yana yawo a kanta. Gulbin da ya haɗa ruwan Rima da na Sakkwato, ya gangaro kudu maso yamma ta Argungu da Birnin Kebbi kafin ya faɗa Kwara, yana tafiya ne a cikin shimfiɗa mai faɗin kilomitoci, yana rabuwa yana haɗuwa, yana barin tsofaffin hanyoyinsa su zama tafkuna, kuma bambancin tsayi tsakanin inda ruwa yake kwanciya har rani da inda ake shuka shinkafa bai taka kara ya karya ba. Madatsar Bakolori ta 1978 da ta Goronyo ta 1984 sun ƙara sauya lokacin zuwan ruwan da yawansa. A gefen kwarin kuma tuddai ne masu shimfiɗaɗɗen kai, waɗanda marmara ta rufe samansu ta hana ruwa cinye su, sai dai ya gutsure su ta gefe, kuma irin wannan tudu lissafin da ya saba da tsini ba ya fitar da shi sai an tilasta masa da gangan. Saboda haka mai son zana wannan ƙasa ba zai dogara da tsayi ya burge ido ba. Hotonsa zai tsaya ne a kan launin ruwa da na laka, da layin giginya da goriba a nesa, da faɗin sama.

Matsalar mai zanen da bai ga ƙasa da idonsa ba ta girmi kwamfuta. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim a ƙasar Hausa, ya sauka Gwandu a Mayun 1853, ya bi ta Birnin Kebbi a watan Yuni a kan hanyarsa ta zuwa Timbuktu, yana zana abin da ya gani a littafinsa a gurguje, amma hotuna masu launi da suka fito a littattafan tafiyarsa a 1857 da 1858 aikin Johann Martin Bernatz ne, wani mai zane na birnin Munich da ya taɓa zuwa Habasha amma bai taka ƙasar Hausa ba, wanda ya ɗauki layukan Barth ya cike su da haske da launi daga nasa sanin. Abin da mai kwamfuta yake yi da awon tauraron ɗan'adam bai yi nisa da wannan ba.

Abubuwa biyu suka kawo fasahar kusa da talaka. Na farko manhajar Blender, wadda Ton Roosendaal ya fara a Holan a tsakiyar shekarun 1990; da kamfaninsa ya karye a 2002, masu amfani da ita suka yi karo-karo suka tara Yuro 100,000 cikin mako bakwai suka fanshe ta daga masu hannun jari, aka saki tushen rubutunta ga kowa a Oktoban wannan shekara. Manhajar da masu sha'awa suka fansa ita ce aka yi fim ɗin Flow na ƙasar Latviya da ita, wanda labarinsa gaba ɗaya ambaliyar ruwa ne, ya kuma ci kyautar Oska a 2025. Na biyu awon ƙasa. A Fabrairun 2000 kumbon Endeavour ya yi kwana 11 yana auna tsayin kusan kashi 80 cikin ɗari na sandararriyar ƙasar duniya da na'urar rada, sai dai abin da aka saki na wajen Amurka awo ne na tazarar mita 90, har sai Satumban 2014 da aka fara sakin na mita 30, kuma da nahiyar Afirka aka fara. Da aka haɗa wannan da hotunan Landsat da suka zama kyauta tun 2008, da na Sentinel-2 na Turai da aka harba na farkonsa a 2015 wanda yake gani a tazarar mita 10, da kuma intanet ɗin waya da ya biyo bayan zuwan layukan salula Nijeriya a 2001, sai ya zamana ɗalibi a Birnin Kebbi yana iya sauke ƙasar garinsu ya tayar da ita a kwamfutarsa, in dai wuta ta bar shi ya gama, zafin bazara kuma bai sa na'urar ta rage gudu ba.

Sai dai awon yana da iyaka, kuma a fadama iyakar take fi bayyana. Kuskuren radar a tsaye yakan kai 'yan mitoci, wanda a kan dogon dutse ba a ko lura da shi, amma a shimfiɗar da duk hawa da saukanta bai fi haka ba yana mayar da gona mai santsi ta yi gargada, kuma na'urar tana auna kan itatuwa da rufin gidaje ne a maimakon ƙasa. An kuma yi awon da rani, don haka bai san inda ruwan damina yake kaiwa ba. Kunyar gonar shinkafa, da mashigin ruwa irin na Matan Fada inda masunta suke faɗawa da gora da homa a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, duk sai mai zane ya gyara su ko ya ƙara su da hannu daga abin da ya sani.

Iska ma haka take. Samfurin sama da manhajoji suke zuwa da shi an gina shi ne a kan tsabtatacciyar iska, wadda ƙananan ƙwayoyinta suke warwatsa shuɗin haske fiye da sauran launuka, shi ya sa sama take shuɗiya. Ƙurar hunturu kuwa, wadda babban kasonta yake tasowa daga kwarin Bodele a Cadi, busasshen gindin tsohon tafki, ƙwayoyinta manya ne, suna warwatsa launuka kusan daidai da juna, sai sama ta yi fari-fari, rana ta zama faifan da ake iya kallo da ido, inuwa ta yi laushi, wani lokaci a kasa ganin abin da ya wuce kilomita ɗaya. Wanda ya saba da hazon Turai, wanda na tururin ruwa ne, zai ga irin wannan hoto ya ce an wanke masa launi, ya ba da shawarar a ƙara shuɗi, kuma shawararsa kuskure ce ko da ta fito daga gwani. Haka nan itatuwa: gawo yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, saɓanin kusan duk sauran itatuwa, don haka hoton gonar gero a watan Agusta da gawo mai lif-lif da ganye ƙarya ce da manomi zai gane nan take, amma manhaja ba za ta gane ba. Wannan gibi ana ganin sa ko a hotunan gidaje da masu zanen gine-gine suke nuna wa masu filaye kafin a sa harsashi, inda gidan yake na Nijeriya amma ciyawa da itatuwan da ke kewaye da shi daga rumbun manhaja aka ɗebo su, na ƙasashe masu sanyi, ba darbejiyar ƙofar gida ba, balle kuka ko tsamiya.

Manhajojin da suke fitar da hoto daga umarnin rubutu, irin su Midjourney da Stable Diffusion da suka yaɗu a 2022, sun gaji wannan gibi ta wata hanya, domin daga hotunan da suka fi yawa a intanet suka koya, kuma ba sa barin taswirar tsayi ko rubutun wuri da wani zai karɓa ya gyara adadi ɗaya ya mayar. Inda tsohuwar hanya ta fi su ƙarfi shi ne wurin da ake buƙatar hoto ya dace da awo, kamar kufan Surame, birnin da Muhammadu Kanta ya kafa a ƙarni na 16 kafin fadar Kabi ta koma Birnin Kebbi, daga baya kuma Argungu, wanda Nijeriya ta sa cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su tun 2007. Ganuwar dutse irin tasa ta fi awon mita 30 siranta nesa ba kusa ba, don haka tayar da ita a kwamfuta yana buƙatar ɗaruruwan hotuna daga kusurwoyi daban-daban, na ƙasa ko na ƙaramin jirgi marar matuƙi, waɗanda manhaja za ta gwama ta fitar da siffar kowane dutse, a ɗora wannan a kan taswirar tsayin yankin, sannan a koma ga masana tarihin Kabi da kayan da ke gidan tarihi na Kanta a Argungu domin tantance abin da ya halatta a ƙara a inda ganuwar ta rushe.